A Tallafa Wa Matasa Masu Yashe Magudanan Ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yaba wa ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwannin birnin Kano, waɗanda ke fitowa aikin gayya gabanin faɗuwar damina da kuma ranar tsaftar muhalli, wato Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Matasan nan suna shiga kwata har gwiwa, da yawansu ba takalmin roba balle safar hannu, suna zaƙulo ledoji da robobi da yashin da suka toshe hanyar ruwa, musamman a magudanan da ke kwarara cikin rafin Jakara. Ba don ƙoƙarinsu ba, da ruwan watan Agusta ya rusa gidajen ƙasa masu yawa, ga sauro da amai da gudawa.

Abin da ke damuna shi ne, dattin da suka tara a bakin kwata yakan kwana biyu ba a kwashe ba, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Ina kira ga hukumomi su turo motocin shara a ranar aikin, masu hali kuma su taimaka da baro da shebur da manjagara.

Wassalam,
Wani mazaunin Kano