Kafin yaro ya fara tsalle da keke, a duba firam ɗinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarmu don in ja hankalin samarin Bauchi da iyayensu a kan wasan keke da ke yaɗuwa yanzu, wato tsayawa a kan tayar baya, tsallake kwalbati, da hawa dakali ko dutse ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba. Wasa ne mai kyau, amma yawancin kekunan da ake yinsa da su ba a ƙera su don haka ba, kuma firam, wato gangar jikin keke, shi ne ke fara gazawa.

Phoenix mai taya inci 28 na kai kaya kasuwar Wunti ne, ba na tsalle ba. Abin da ya dace shi ne ƙaramin firam mai taya inci 20, 24 ko 26. Ga mai son ya haɗa yawo a titi da wasa, inci 24 ya fi, domin yana da sirdi kuma yana ɗaguwa da sauƙi. Firam ɗin gasa zalla galibi ba shi da sirdi sam. A auna daga tsakiyar gidan feda, inda sandunan feda biyu ke juyawa, zuwa tsakiyar tayar baya: kusan milimita 380 ya yi. In ya kai 430, irin na kekunan hawa tudu, ɗaga gaba zai riƙa cin ƙarfin yaro. Bututun sama kuma ya zama ƙasa sosai, yadda in an zame ba zai bugi mutum a tsakanin ƙafafu ba.

Maganar ƙarfe ita ce babba. A tafi wurin masu kekunan gwanjo da maganaɗisu a aljihu. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, galibi alminiyom ne. Alminiyom ba shi da nauyi, amma yana gajiya da yawan dira, kuma in ya tsage mai walda na bakin titi ba zai iya ba: sai walda ta iskar argon, nau'in 6061 ma sai an sake gasa shi bayan walda, in ba haka ba wurin ya yi laushi ya sake buɗewa. A ganina, a garinmu ƙarfe mai tambarin 4130 ko Cr-Mo ya fi. Yakan lanƙwasa kafin ya karye, kuma ana iya gyara shi. Ƙarfen kekuna masu araha kuwa nauyi ne kawai, dira kaɗan ya karkace.

Kada sabon fenti ya ruɗi mai saye, sau da yawa ɓoye aibi ake yi da shi. A goge firam, a haska tocila a ƙarƙashin wuyan keke inda bututun ƙasa ya haɗu da shi, da kewayen gidan feda, da kusa da inda tayar baya ke shiga. Layi siriri kamar gashi, ko fenti da ya tattare, ko tsatsa a bakin walda, duk alamar tsagewa ce. A bar shi komai arhar sa. Wuyan keke in ya balle, fuska ce ke fara isa kwalta.

Don gane ko ya karkace, a ɗaura zare daga mazaunin tayar baya na dama, a zagayo ta wuyan keke, a dawo na hagu. Tazarar zare da bututun sirdi ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu. A kuma auna faɗin mazaunin tayar baya kafin a biya kuɗi, domin na BMX, wato ƙaramin keken tsalle, milimita 110 ne, na kekunan hawa tudu da yawa 135, kuma tayar wannan ba ta shiga wancan.

Naka,
Wani mai gyaran keke, Bauchi