Jan layin gwajin maleriya ba rini ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu yi magana a kan ɗan abin gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake amfani da shi a kemis-kemis na Agege, Idi-Araba da Mile 12. Mutane da yawa sun ɗauka jan layin da ke fitowa jini ne ko rini. A galibin irin waɗannan abubuwan gwajin zinariya ce, ƙwayoyi masu faɗin kimanin nanomita 40. Nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya.

To me ya mayar da zinariya ja? Idan ƙwayar ta yi ƙanƙanta haka, haske kan sa ilektiron ɗin cikinta su riƙa kaɗawa tare. Kaɗawar ta fi ƙarfi a igiyar haske mai tsawon nanomita 520 zuwa 530, wato kore. Ƙwayar ta haɗiye koren, sai ido ya ga ja. Michael Faraday ya yi bayanin irin wannan jan ruwan zinariya a Landan tun 1857, Gustav Mie kuma ya fitar da lissafinsa a 1908.

Haɗa wannan jan ruwan bai fi ƙarfin ɗakin gwajin kowace jami'a ba. A tafasa mililita 20 na ruwan HAuCl4 (sinadarin zinariya mai launin rawaya) mai ƙarfin milimola 1 a lita, ana motsawa, sannan a zuba mililita 2 na sodiyam sitiret kashi 1 cikin 100 lokaci guda. Rawayan zai ɓace, ruwan ya yi toka-toka, cikin kamar minti 10 ya koma ja kamar zoɓo. Ƙwayoyin ba sa wuce nanomita 10 zuwa 20. Mai son manya sai ya rage sitiret. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne kwalba mai datti da ruwan famfo. Gishiri kaɗan ya isa ya kashe cajin da ke raba ƙwayoyin, su dunƙule, launin ya koma shuɗi. Daga nan ba gyara, sai zubarwa.

Wannan ne ya sa muke jan hankalin masu kemis. A cikin abin gwajin, an liƙa wa zinariyar sinadarin garkuwar jiki da ke kama furotin ɗin ƙwayar maleriya, aka busar da ita a ɗan ƙyalle. Ruwan ɗigon da ke cikin kwalin shi ke ɗaukar ta zuwa layi, kuma an auna gishirinsa da tsaminsa. Idan ya ƙare, kada a musanya shi da ruwan leda ko na wani kamfani, don yana iya fito da layin ƙarya. Jini kuma mikrolita 5, wato ɗan ɗigo ƙarami, yawanci ake so. Ya yi yawa, sai ya rina takardar, layin ya ɓuya.

Laimar Legas ma abin tsoro ce. Da an yage ledar a yi gwajin nan take, kwalin kuma a nisanta shi da kwanon rufi da janareta. A karanta sakamako a lokacin da takardar ta ce, galibi minti 15 zuwa 20. Idan layin C, mai nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace ko da layin T mai nuna maleriya ya yi ja, sai a ɗauko sabo.

Daga wasu malaman kimiyya,
Agege, Legas.