Wahala ba alamar raunin bangaskiya ba ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato irin wa'azin da ya yawaita a wasu majami'unmu na Arewa, inda ake koya wa mutane cewa duk Kiristan da ya shiga wahala, ko dai akwai zunubin da yake ɓoyewa, ko kuma bangaskiyarsa ce ba ta kai ba. Kwanan baya na ji wani baƙon mai wa'azi ya faɗi haka a taron sujada na dare, alhali kusan rabin matan da ke zaune a gabansa gwauraye ne da aka kashe musu mazaje, kuma na ga yadda wasunsu suka sunkuyar da kai kamar waɗanda aka kama da laifi.

Ni ɗan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wadda aka fi sani da EYN, ikkilisiyar da ta samo asali a Garkida a shekarar 1923, lokacin da Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya. Duk wanda ya san Arewa maso Gabas ya san abin da ya same mu a 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Chibok, mafi yawansu 'ya'yan ikkilisiyarmu ne. A watan Satumba Michika ta faɗa hannun Boko Haram, a ƙarshen Oktoba kuma suka ci Mubi da hedkwatarmu ta Kwarhi, har shugabanninmu suka koma Jos da zama. Ni da iyalina da ƙafa muka bar Mubi, muka kwana uku a daji, matata tana goye da jaririya, ni ina riƙe da hannun mahaifiyata, kafin Allah ya kai mu Yola. To, ina so mai wa'azin nan ya gaya mini zunubin da jaririyar ta yi.

Littafi Mai Tsarki da yake ɗagawa sama yana ihu bai goyi bayansa ba. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi daidai a kwana bakwai na farko da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suka dage cewa lalle ya yi wani laifi, a ƙarshe Ubangiji da kansa ya tsawata musu, ya ce ba su faɗi gaskiya a kan Allah ba. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambayi ko laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na kowa ba ne a cikinsu. Manzo Bulus ma sau uku yana roƙon a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, sai aka gaya masa cewa alherin Allah ya ishe shi. Idan har samun sauƙi shi ne ma'aunin bangaskiya, ke nan Bulus ya faɗi jarrabawar.

Sai dai ba zan yarda in faɗa ɗaya ramin ba, na masu cewa wahala alheri ce a karan kanta, mu yi ta murna kawai. Na ga mutanen da gudun hijira ya mayar da su mashaya, na ga wanda ya daina taka ƙofar majami'a har yau, kuma ban ga dalilin da zan ɗora masa laifi ba. Abin da Bulus ya rubuta wa Romawa a sura ta biyar shi ne cewa wahala tana haifar da jimiri, jimiri ya haifi tabbataccen hali, shi kuma ya haifi sa zuciya. Haihuwa kuwa kowa ya san tana ɗaukar lokaci, tana zuwa da naƙuda, kuma tana bukatar ungozoma. A wurinmu ungozomar ita ce zumunta: matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, da ke raba kwanon masara ɗaya gida uku, da cocin Katolika na Yola da ya buɗe harabarsa ga dubban 'yan gudun hijira ba tare da tambayar ɗarikar kowa ba, da maƙwabcina Musulmi wanda ya kiwata mini awaki biyu da suka tsira, ya miƙo mini su har da 'ya'yan da suka haifa ranar da na dawo.

Abin da ya canja a cikina shi ne yadda nake addu'a. A da addu'ata jerin bukatu ce, kamar mai karanta takardar cefane: kuɗin makaranta, ƙarin girma a wurin aiki, kwanon rufin ɗaki. A daji na rasa abin faɗa gaba ɗaya, sai Zabura ta 23 kawai nake maimaitawa, wadda na haddace tun ina yaro a makarantar Lahadi ba tare da na taɓa lura cewa ba ta yi alkawarin kauce wa kwarin inuwar mutuwa ba, alkawarin rakiya ta yi a cikinsa. Da muka koma gida a 2015 muka tarar da majami'armu toka, muka yi sujada a gindin bishiya a kan duwatsu da guntayen bulo, sai wani dattijo ya tuna mana cewa ai daga gindin bishiya aka fara. An yi dariya, wasu kuma suka fashe da kuka, kuma ban taɓa jin waƙa ta shige ni kamar ta ranar ba.

Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, wanda aka sace a farkon Janairun 2020 aka kashe shi a cikin watan, ya bayyana a bidiyon da masu tsare da shi suka fitar yana cewa bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya tsinci kansa yana hannun Allah. Wannan mutum bai tsira da ransa ba, amma babu mai hankalin da zai ce bangaskiyarsa ce ta gaza.

Don haka ina kira ga shugabannin ikkilisiyoyi da makarantun horar da fastoci da su ja wa masu irin wancan wa'azi kunne, su kuma koya wa matasan fastoci zama shiru kusa da mai makoki kafin su buɗe masa aya. Kai ma, Edita, ina roƙon ka tura wakilanka Michika da Madagali da Askira su saurari mutanen da suka dawo, domin labarinsu bai ƙare da ranar hari ba. Akwai wata tsohuwa a majami'armu, Mama muke ce mata, wadda aka yanka ɗanta a gabanta. Shekara biyu cur, duk lokacin da muke Addu'ar Ubangiji muka iso wurin da ake roƙon gafara kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai ta rufe bakinta, ta jira mu wuce, sannan ta ci gaba. Fastonmu ya sani, bai taɓa ce mata komai ba. Wata Lahadi ina tsaye kusa da ita na ji ta faɗi kalmomin, muryarta ƙasa-ƙasa tana rawa, da aka tashi kuma ta ɗauki sandarta ta tafi gida ba ta yi wa kowa bayani ba.

Naka,
Wani malamin makarantar Lahadi,
Mubi, Jihar Adamawa.