Kafin mu ɗauki ɓangare a rigimar duniya, mu rarrabe tambayoyin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in taɓo wata ɗabi'a da ta zame mana jiki a Kano. Duk sa'ad da wata magana ta shigo daga wajen ƙasa, yaƙi ne ko magani ko sabon irin shuka, tambayar farko da ake yi a majalisa da teburin mai shayi da shirye-shiryen rediyo ita ce: su wa suka kawo? Da an ji amsa, an gama shari'a. Tambayar tana da muhallinta, kuma tarihin garin nan ya ba mu hujjar yin ta. Matsalar ita ce muna ɗora mata kayan da ba nata ba.

A cikin kowace irin wannan rigima akwai tambayoyi daban-daban da suka cuɗanya. Akwai ta gaskiyar abin, wato mene ne a cikin kwalbar, me ya faru a filin. Wannan bincike da awo ne ke warware ta. Akwai ta amana, wato mai maganar ya taɓa cutar mu ko bai taɓa ba. Wannan tarihi ke amsa ta. Akwai kuma ta abin da ya kamata a yi, wadda addini da tarbiyya ke yi wa jagora. Ta ƙarshe, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce: idan na ɗauki mataki, a kan wa zai sauka? Yawancin ɓarnar da muka gani ta faru ne inda aka amsa ɗaya da amsar wata.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na rigakafin shan inna, kuma ba a fahimtarsa sai an koma 1996. A shekarar nan annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum dubu goma a Arewa. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da muke kira Asibitin Zana. Yara kimanin 200 aka saka a gwajin, aka ba rabi sabon maganin, rabi kuma wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. An ja shari'a har 2009, lokacin da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, Amurka ta afka wa Iraƙi, kuma a cikin wannan yanayi aka fara cewa ɗigon shan inna yana ɗauke da sinadarin hana haihuwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da aikin kusan shekara guda, ba a dawo da shi ba sai ƙarshen watan Yulin 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka tsoron jama'a ba hauka ba ne. Ta fuskar amana suna da gaskiya. Amma ko ɗigon yana hana haihuwa ko ba ya hanawa tambaya ce ta ɗakin gwaji, aka kuma amsa ta da labarin Trovan da na Bagadaza. Su ma ma'aikatan lafiya na ƙasa da ƙasa sun yi irin kuskuren ta ɗaya gefen: suka riƙa turo sakamakon gwaji suna maimaita cewa maganin lafiyarsa ƙalau, alhali abin da ya lalace amana ce, kuma takardar gwaji ba ta ɗinke amana. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne lokacin da aka amsa kowace tambaya da abin da ya dace da ita. An tura namu mutanen sun ga gwaji da idonsu, an kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, daga baya kuma sarakuna da malamai suka shiga gaba.

Kuɗin da aka biya kafin nan fa? A 2002 yaran da cutar ta shanye a Najeriya kimanin 200 ne, a 2006 sun haura 1,000. Ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin, ta bi ta Sudan da Yaman, a 2005 ta isa ita kanta Indonesiyar da muka aminta da maganinta. Ga kuma wani lissafi da mai cewa "ɗana ne, ni ke da iko da shi" ya kamata ya sani. A cikin yara kusan 200 da suka ɗauki ƙwayar, ɗaya ne take shanyewa. Sauran suna yawo lafiyarsu lau, suna fitar da ita ta bayan gida, tana bin kwata da rijiya da hannun da ba a wanke ba zuwa bakin ɗan maƙwabci. Idan haka abin yake, hukuncin ya fita daga babin ikon uba a gidansa, ya koma ƙarƙashin hadisin nan da ke cikin Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. Mai kafa hujja da ƙaddara kuwa, sai ya tuna amsar da Sayyidina Umar ya ba Abu Ubaida lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Adalci ya sa in ƙara abu biyu. Mata a unguwanni sun yi tambaya mai nauyi: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigo kyauta, amma in yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda sai mun sayi magani? Wannan tambaya ce ta fifiko, kuma daidai take. Ba a samu sauƙi sosai ba sai da aka fara haɗa ɗigon da duba marasa lafiya da ba da magunguna a unguwa. Na biyu, a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafi na bogi a Abbottabad ta Pakistan wajen farautar Usama bin Ladan. Duk wanda ya yi wannan ya sa hannu a jefa rayuwar ma'aikatan rigakafi cikin haɗari a ko'ina. Amma wannan bai wanke waɗanda suka harbe ma'aikata tara, yawancinsu mata, a nan Kano a watan Fabrairun 2013 ba. Laifin wancan yana wuyansa, na waɗannan yana wuyansu.

Nan ne tambayar ƙarshe take shigowa, kuma ita ce muka fi faɗuwa a kanta. Ranar 7 ga Oktoban 2001 Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Afganistan. Kwanaki kaɗan bayan haka zanga-zangar nuna rashin yarda a Kano ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka yi asarar rayuka, aka ƙone shaguna da wuraren ibada. Babu jirgin yaƙi ko ɗaya da ya fasa tashi saboda haka. Wanda ya ji a jikinsa mai sayar da kayan gyaran mota ne a Sabon Gari, da ɗan Arewa mai sayar da albasa a Kudu da ya kwana cikin fargabar ramuwa. Haushin kaza aka huce a kan dami. Alƙur'ani ya faɗa a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Saboda haka kafin a kira gangami ko ƙaurace wa wani kaya, a zauna a rubuta sunan wanda ake so ya ji zafi, a rubuta na wanda zai ji a zahiri. In kayan a Challawa ko Sharaɗa ake haɗa shi, a ƙirga ma'aikata da direbobi da dillalai, a kuma gano kason da ke fita zuwa uwar kamfani a waje. Bayan lissafin mutum na iya cewa duk da haka zai ƙaurace, kuma wannan haƙƙinsa ne, har ma ana iya yaba masa. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne fasa shagon wanda bai bi shi ba.

Wani zai ce, to ta yaya za a zauna da wanda tun asali bai yarda da abin da muka yarda da shi ba? Muna da abin koyi tun kafin aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani ɗan kasuwa daga Yaman ya sayar wa Asi bin Wa'il kaya a Makka, ya hana shi kuɗinsa. Wasu dangogin Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Shi ne Hilful Fudul. Masu bautar gumaka ne suka ƙulla shi, amma bayan Musulunci Manzon Allah ya ce da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. Darasin aiki a nan shi ne ba a jira sai an daidaita a kan aƙida. Ana ware abu ɗaya takamaimai, a yi alkawari a kansa, kowa ya riƙe dalilinsa. Malamin Islamiyya da fasto da likitan da ba ruwansa da addini duk za su iya yarda cewa ba a gwada magani a kan yaro sai an yi wa iyayensa bayani da harshen da suke ji, ko da kowanne daga wata rijiya ya ɗebo hujjarsa. Sharaɗin kawai shi ne mudu ɗaya. Wanda ya yi shiru a kan Gaza ba shi da bakin yi mana wa'azin haƙƙin ɗan Adam, haka mu ma in mun cika gari da maganar Gaza muka kau da kai daga Sudan, inda tun Afrilun 2023 Musulmi ke kashe Musulmi, mun tauye mudu.

Yanzu ga rigimar da ke gabanmu, ta irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, wanda ake kira GMO. Ina ganin alamun za mu maimaita 2003, don haka bari mu rarrabe. A 2019 aka amince da wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar. An saka masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa domin ya kashe tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake. Masu binciken sun ce yana rage feshi daga sau shida zuwa takwas a damina ya koma kamar sau biyu. Ba ya hana darɓa, ba ya hana ƙwarin da ke tsotsar kwanso, kuma ba ya hana ƙwaron da ke huda wake a buhu. Manomin da aka gaya wa ya jefar da famfon feshi an yaudare shi, zai kuma yi asara.

Maganar cewa irin ba ya sake tsirowa tana bukatar gyara. Wake yana barbarar kansa ne, don haka wanda aka ajiye yana tsirowa ya ba da irinsa. Masarar TELA da aka fitar a 2024 kuwa irin haɗi ce, kuma duk masarar haɗi, ko an taɓa ƙwayar halittarta ko ba a taɓa ba, amfaninta yana raguwa in aka sake shuka 'ya'yanta. Amma tsoron da ke ƙarƙashin maganar, wato kada wata rana manomin Bichi ko Ɗambatta ya wayi gari ba shi da iri sai na kamfani, tsoro ne na gaskiya. Tambaya ce ta mallaka da 'yanci, gwajin lafiyar abinci ba ya amsa ta. Abin da ke amsa ta shi ne doka a kan ikon manomi na ajiye iri, da rumbun adana irinmu na gargajiya.

Kuma a auna da abin da ke cikin tukunyarmu yau. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an samu har 4.6 a wasu buhunan. Waken da suka ƙi, mu muke dafa shi. Wanda ke tsoron guba a sabon iri ya kamata ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan, tunda maganinsa yana hannu: buhun nan mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A busar da waken sosai, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban, a ɗora a kan katako nesa da bango. Ƙwaro yana mutuwa don rashin iska, ba a sa ko ɗigon magani. Yana lalacewa ne in ɓera ya huda ledar, ko an zuba wake da danshi, ko ana yawan buɗewa ana ɗiba.

Roƙona ga hukumomin gona na jiha da shugabannin kasuwar Dawanau shi ne a riƙa rubuta wa kowane buhun iri abin da yake, domin mai so ya saya da saninsa, wanda ba ya so ya wuce. Jami'ar Bayero kuma tana da masana da za su iya ɗibar wake daga kasuwa, sabon iri da tsoho, su auna ragowar maganin ƙwari a cikinsu, su karanta mana sakamakon da Hausa a rediyo kafin damina ta sauka.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatun jaridarku,
Gwale, Kano.