Malamar da ke duba furojet ɗina ta ce na yi sata, a gaban yara

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri bisa wannan fili. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu, abokan aikina suna sauraro, kishiyata ma shirin nan ba ya wuce ta.

Ni malamar firamare ce, shekaruna 43, 'ya'yana shida. Ranar Talatar nan matar da aka haɗa ni da ita don ta duba furojet ɗina, wato binciken kammala digiri, ta turo mini babi na biyu ta kan tebur, ta ce wannan ba rubutuna ba ne, sata ce. A gaban ɗalibai ta faɗa, yaran da na haifi sa'anninsu. Anti, ni ce uwar adashin malaman makarantarmu, ba a taɓa neman ko sisi an rasa ba. Har yanzu in na tuna sai in ji ƙirjina yana zafi.

Amma bari in faro daga tushe. Na gama NCE a 2004, aka yi mini aure, na kama koyarwa a 2006. Kin san mai NCE akwai matakin albashin da ba ya wucewa, ko zai tsufa da alli a hannu. Yarinyar da na koya wa rubuta tsarin darasi da cike rajista, ita aka kawo mana shugabar makaranta don tana da digiri. Ba hassada nake yi ba wallahi, tana girmama ni. Abin dai ya tsaya mini a rai, shi ya sa a 2021 na nemi karatun ƙarshen mako a wata jami'a da ke nesa da garinmu. Da kuɗin adashi da awakina na biya. Muna cikin yi ASUU ta tafi yajin aiki a Fabrairun 2022, ba a dawo ba sai Oktoba, wata takwas cur. Maigida ya ce ga ishara nan Allah ya nuna mini. Shi ne kuma in ya zauna cikin abokansa yake cewa gemu ba ya hana ilimi, matarsa tana jami'a. A gida kuwa duk Asabar sai an yi maganar tuwon dare.

Jarrabawa ba ta taɓa kayar da ni ba. A ba ni takardun darasi in haddace in rubuta, wannan na iya. Har kwas ɗin hanyoyin bincike na ci, amma malamin karanto mana kawai yake yi muna kwafa, ko sau ɗaya bai buɗe kwamfuta ya nuna mana yadda ake nemo maƙala ba. Don Allah wannan laifin wa?

Batun da na zaɓa shi ne koyar da karatu da Hausa a aji ɗaya zuwa uku. Abu ne da na sani kamar yunwar cikina. Yaron da aka fara masa da baƙaƙe da wasulan Hausa, kafin shekara ta ƙare yana haɗa kalma. Wanda aka fara masa da Turanci yana iya kaiwa aji huɗu yana rera abin da ke kan allo bai san ko harafi ɗaya ba. Na rubuta haka a babi na ɗaya. Sai ta zagaye da jan biro ta rubuta: wa ya faɗa, a wace shekara? Na ce ni na faɗa, shekara da shekaru ina gani. Ta ce abin da na gani shi ne dalilin yin binciken, ba shi ne hujja ba. Ki ji fa.

To na shiga laburare na nemo. Na samu cewa tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa. Na samu aikin Farfesa Babs Fafunwa a Ife, wanda aka fara a 1970, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ta firamare, kuma ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin. Na kawo shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato. Na je da murnata. Ta ce Fafunwa yana da kyau amma ya tsufa, tana son maƙalun mujallu na shekara goma zuwa yau. Abin dariya, a babi na uku ita da kanta ta ce in ɗauki yawan mutanen da zan raba wa takardar tambayoyi daga jadawalin Krejcie da Morgan. Na duba, shi ma na 1970 ne. Nata bai tsufa ba, sai nawa.

Babban ɗana ya nuna mini Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike, a waya. Ki buga abu ya fito miki dubbai. Ki taɓa wannan a ce sai kin biya da dala, ki taɓa wancan ya buɗe da Turancin da sai kin karanta layi uku kin koma baya, ga jadawalai cike da lambobi. Ga tsarin APA na ambaton marubuta, sunan marubuci da shekara a cikin baka biyu, waƙafi nan, aya can, in marubutan sun kai uku a rubuta na farko kawai a gajarce sauran. Data tana ƙarewa, wuta babu, auta yana kuka. Ni kuma da safe ina gaban yara fiye da tamanin.

Shi ne wata 'yar ajinmu ta kai ni wurin wani yaro mai shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta. Kowa can yake zuwa, Anti, kowa. Ni na ba shi kan magana, ni na zauna na gaya masa abin da nake so a ce, na biya shi naira dubu ashirin. Ai ko tela ka kai wa ɗinki rigar taka ce. Ashe sashenmu yana saka aiki a Turnitin, wata manhaja da ke gwada rubutunka da abin da ke intanet da ayyukan ɗaliban baya, ta fitar da kason da ya yi kama. Su kashi 25 suka yarda da shi. Nawa ya nuna 71. Ta juyo mini kwamfutar, shafi duk launi. Wai har sunan wata ƙaramar hukuma ta kudu yaron ya bari a ciki. To shi ya cuce ni, me ya sa ni za a kira da wannan suna? Kuma sauran da suka je wurinsa fa, nasu malaman sun sa hannu lafiya lau.

Matar nan tun farko ba ta ƙaunata. Ba ta kai ƙanwata ta biyu ba, an ce a Maleshiya ta yi digirin dakta, shi ya sa take ganin kowa ƙasa-ƙasa. Ki gaishe ta da kyau ta amsa tana kallon kwamfuta. Ki tura saƙo ta WhatsApp ta buɗe ta yi shiru. In biya kuɗin mota in zo a ce tana taro. Da azumi na kai mata turmin atamfa da turaren wuta, kyauta ce irin ta mutunci, ta sa aka biyo ni da su har bakin titi. Wannan ba wulaƙanci ba ne?

Na manta ban faɗa ba, bayan yaran sun fita ta ce ba za ta kai maganar gaban kwamiti ba. Amma ki ji sharaɗin. Wai za ta turo mini maƙala uku, in karanta kowacce in rufe, in rubuta shafi ɗaya da hannuna: wa ya yi binciken, a ina, da mutum nawa, ta wace hanya, me ya gano, me ya bari bai taɓa ba. Ta ce in na ga dama in fara rubutawa da Hausa sannan in mayar. In kawo mata duk mako, sai mun tara goma sha biyar sannan a sake babin daga farko. Ni za a ba aikin gida, da furfurata. Ta turo ɗin kuwa, daren Talatar. Ban buɗe ba.

Abin da nake so ki ba ni shawara a kai, in je wurin shugaban sashe in nemi a canja mini ita? Wasu sun ce in na yi haka zai tambayi dalili, takardar Turnitin ɗin ta fito fili. Ga shi kuma tun Nuwamban 2025 aka ji ministan ilimi ya ce an soke tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022, a koma Turanci. Wata ta ce batuna ya mutu ke nan, ita kuwa malamar ta ce yanzu ma ya fi amfani. Ban san ko gaskiya take faɗa ba ko so take in ƙara shekara.

In na ƙara shekara kuwa sai sabon kuɗin makaranta, kuma maigida ya rantse bana ce ta ƙarshe. Bai san abin da ya faru ba, na ce masa zazzaɓi ne ya kwantar da ni. In ya ji, kishiyata ta ji, in ta ji unguwa ta ji. 'Yata ta biyu tana shirin JAMB, kullum ni take ba ƙawayenta misali.

Anti, ki gaya mini tsakani da Allah, mace mai shekaruna tana iya koyon karanta irin waɗannan takardu, ko kan ya riga ya rufe? Wasu daren nakan ce in haƙura da digirin in koma ajina. Sannan akwai ƙanin maigida da ya san mijin malamar, suna sallah a masallaci ɗaya. In tura shi ya yi mata magana, ko zai ƙara ɓata lamarin? Kuma in zan gaya wa maigida, ta ina zan fara?

Don Allah a karanta wasiƙata a shirin wannan makon, ranar Asabar take jira na.

Taki,
Wata malama