Kun ce wa uwar yaron ta jira, alhali jiran ne ya cuce mu

Zuwa ga Shugaban Sashen Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne a kan shirinku na ilimi na daren Talatar da ta wuce, kuma ba zan ɓoye muku ba, da ɓacin rai na kashe rediyon a daren nan. Lokacin da baiwar Allahn nan ta bugo waya ta ce ɗanta ya cika shekara uku bai fara magana ba, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, kuma makarantu biyu sun ƙi karɓarsa, amsar da baƙonku ya ba ta ita ce kowane yaro da lokacinsa, ta ƙara haƙuri, idan ya kai shekara shida ko bakwai abin bai sake shi ba, sai ta kai shi makarantar masu buƙata ta musamman. Mai gabatarwa, wanda na daɗe ina ganin girmansa, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya katse layin, aka sa talla. Ko minti biyu matar ba ta samu ba, alhali baƙon ya kwashe kusan rabin awa yana lissafa mana azuzuwan share fagen shiga firamare da aka yi wa fenti aka zuba wa kujeru.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da bakinsa ya buɗe shirin da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ashe iccen da yake nufi shi ne yaro mai lafiya wanda ko an bar shi zai miƙe da kansa. Wanda ya fi kowa buƙatar a riƙe shi tun yana ɗanye kuwa, shi aka ce a ajiye sai ya bushe.

Ni malamin sakandare ne, kuma mahaifin yarinya mai shekara biyar wadda aka yi ta gaya mana irin wannan magana a kanta har muka yi asarar shekara biyu da rabi. A rana ta uku da haihuwarta idanunta suka yi ɗorawa. Tsofaffin gida suka ce shawara ce, kowane jariri yana yi, a riƙa fito da ita hantsi. Sai a rana ta shida, da ta daina kama nono tana wani irin kuka mai tsini tana banƙarewa, muka ruga asibiti, aka sa ta ƙarƙashin shuɗiyar fitila, daga baya aka yi mata canjin jini. Da aka sallame mu, an ba mu takardar kuɗi da ranar dawowa rigakafi, amma babu wanda ya zaunar da mu ya ce shawarar da ta yi tsanani haka tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana taɓa ji, don haka mu sa ido. Wuyanta bai tsaya ba sai da ta kusa wata tara. Ta wuce shekara ba ta iya zama sai an tokare ta da matasai. Idan mahaifiyarta ta nuna damuwa, sai a ce nauyin jiki ne, ai baffanta ma sai da aka yaye shi sannan ya taka. Da maganar baki ta zo, aka ce nauyin baki ne, gadon gidanmu ne. Wata maƙwabciya kuwa, Allah ya yafe mata, ta ja matata gefe ta raɗa mata cewa irin waɗannan 'yan ruwa ne, ba a wahalar da kai a kansu. Matata ta kwana uku ba ta ci abincin kirki ba.

Duk tsawon wannan lokaci ba mu taɓa tsallake rigakafi ko ɗaya ba. Katin yana nan a cike. A ɗora ta a kan sikeli, a rubuta nauyi, a tsira mata allura, a ce mai bi. Sau nawa muka shiga ɗakin nan, amma ba a taɓa samun wanda ya tafa hannu a bayan kanta ya ga ko za ta juyo ba, ba a taɓa tambayarmu ko ta fara gwaranci ko tana bin fuska da ido ba. Sai da ta shekara biyu da rabi wani ma'aikacin sashen gashin ƙashi, yana cikin motsa mata ƙafa, ya lura faranti ya faɗi a bayanta da ƙara ko gezau ba ta yi ba. Shi ya tura mu awon ji, aka tabbatar kunnuwanta biyu sun yi rauni sosai. Wato shekara biyu da rabi muna yi wa yarinya magana ta bayan kai, muna jin haushin ta ƙi amsawa, ita kuwa ba ta ma san muna yi ba.

Wannan shi ya sa na ce amsar da kuka bari ta fita ta gidanku ba ƙaramar ɓarna ba ce. Masana lafiyar yara sun daɗe da fayyace alamomin da ba a jira a kansu: yaron da ya kai wata tara bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya daina yin abin da a da yake yi, ana kai shi a duba shi ne nan take. A ƙasashen da ake auna jin jarirai, ƙa'idar ita ce a gwada kunne cikin watan farko, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida, domin a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa take shimfiɗa hanyoyin harshe, kuma abin da ya wuce a lokacin da wuya a maido shi duka. Mu kuma a nan abubuwan da ke jawo wannan jinkiri sun yi mana katutu: doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, ƙyanda, tamowa. Ba mu manta da gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan da ake haƙar zinariya, ta bar wasu da rai amma da ƙwaƙwalwa a taɓe. Iyayen irin waɗannan yara da kakanninsu su ne masu sauraronku, ba wasu ba, kuma da yawansu ba su da wani likita da ya wuce akwatin rediyo.

Da 'yata ta cika shekara uku na ɗauke ta na fara zagayen makarantu. Ta farko mai zaman kanta ce. Sun karɓi kuɗin fom, shugabar ta dube ta tana dalalar da yawu a kafaɗata, ta ce in ba ta kwana biyu. Da na koma sai ta ce ita ba ta ƙi ba, amma sauran iyaye za su janye 'ya'yansu. Kuɗin fom ɗin ma bai dawo ba. Ta biyu suka ce sharaɗinsu yaro ya iya tafiya kuma ya iya faɗin zai yi fitsari. Ta uku ta gwamnati ce, irin ajin share fagen da baƙonku yake alfahari da shi. Malamar mutuniyar kirki ce, ba ta kore mu ba, ta dai kama hannuna ta kai ni bakin taga ta nuna mini yaran a kan tabarma, ba masaka tsinke, ita kaɗai a kansu, ta ce, "Malam, ka duba da idonka. Idan na karɓe ta, tattake ta za su yi." Ban iya ce mata komai ba. Makarantar masu buƙata ta musamman kuma, da na je, suka ce sai ta kai shekarun firamare, kuma sai ta iya kula da kanta. To a tsakanin haihuwa da shekara shida, ina ake so mu kai su? Wannan ita ce tambayar da matar nan ta yi, kuma ita ce tambayar da ya kamata mai gabatarwa ya riƙe baƙon da ita har sai ya amsa.

Ba alfarma muke roƙo ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara da karatun share fage cikin ilimin tushe. Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce karatunsu kyauta ne har ƙarshen sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kowacce da ma'aikacin da aka horar don kula da irin waɗannan yara. Ba a kuma rasa masu horon ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tana yaye malamai shekara da shekaru, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da sashen koyar da ilimin masu buƙata ta musamman. Da mai gabatarwa ya tambayi baƙon aji nawa ne cikin waɗanda aka yi wa fenti ke da irin wannan malami ko da ɗaya, da shirin ya yi amfani.

Na san abin da za a ce, babu kuɗi. Za a ce Amurka ce ke da halin yin doka tun 1986 cewa a fara tallafa wa yaro daga haihuwa zuwa shekara uku. To Jamaika fa? A birnin Kingston, a wajajen 1986 da 1987, an riƙa tura ma'aikatan lafiya na unguwa gidajen matalauta masu yaran da suka tsumbure, sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da magana da yaran da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin da aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a koya wa uwayensu wannan wasa ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Babu gini, babu fenti, babu bikin yanke ƙyalle.

Irin wannan ne ya cece mu, kuma ba daga hukuma ya zo ba. Wata yarinya a layinmu da ta karanci wannan fanni, tana zaune ba aiki, ita ta fara zuwa gidanmu duk Asabar da hantsi. Ranar farko ta nemi kwalin taliya, ta yanke shi ta cusa tsummoki ta yi wa 'yata kujerar da ta riƙe mata ƙugu da baya, karo na farko ke nan da hannuwanta biyu suka samu sukuni. Ta zube marafan kwalba da gwangwanin madara a gabanta. Amma mafi yawan aikinta a kan mahaifiyar ta yi shi. Ta ce mata, "Yaya, ki daina yi mata magana daga tsaye. Ki durƙusa ta ga bakinki. Ki nuna mata kofin, ki faɗi sunansa, ki yi alamar da hannu, sannan ki yi shiru ki ƙirga goma a zuci kafin ki ba ta." Wannan shirun ne ya fi wa matata wuya, domin uwa ba ta iya ganin ɗanta yana miƙa hannu ta tsaya. A mako na bakwai, ana ba ta kunu, aka janye cokali aka jira, sai ta haɗa 'yan yatsunta biyu ta yi alamar a ƙara. Ina tsakar gida ina alwala na ji matata ta fashe da kuka, na shigo a guje na ɗauka wani abu ne ya faru. Yau 'yata tana tafiya tana dafa bango, tana da alamomi da kalmomi da suka kai arba'in, tana kiran yayanta da sunan da ita ta raɗa masa. Ina godiya ga Allah, amma duk lokacin da na kalle ta sai na tuna cewa da tun tana wata shida aka fara, da ba nan take ba. Mun yi tofi, mun yi addu'a, har gobe muna yi, kuma babu malamin kirki da ya taɓa ce mana addu'a ta hana neman magani. Mutanen da suka ce mu jira ne suka hana mu.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da tallar da kuka katse matar dominta. Wannan mai maganin basir ɗin da kuke sakawa tsakanin Magariba da Isha'i, da ƙarar da ta ninka ta shirin, yana faɗin kalmomin da ba a faɗa gaban surukai, ya sa a gidana sai an ajiye yaro kusa da rediyo don ya rage murya. Ku mayar da shi tsakar dare ko ku tace bakinsa.

Abin da nake nema shi ne ku sake shirin, ku gayyato likitan yara da ma'aikacin gashi da malamar da ta san aikin, ku zaunar da uwa guda a cikinsu, ku bar layi a buɗe har ƙarshe. Kafin nan kuma, lambar baiwar Allahn nan tana cikin wayar ɗakin shirinku, tunda ita ta kira. Ku sa a neme ta a gaya mata kada ta jira shekara shida. Ta kai yaron babban asibiti mafi kusa da ita cikin makon nan, ta nemi ganin likitan yara, kuma ta dage a fara auna masa ji.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani malamin sakandare, mahaifin yarinya mai shekara biyar