Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Tony Petitti, kwamishinan Big Ten: da wane mudu kuke auna makaranta?

Yallaɓai kwamishina, barka da aiki, ya fama da jama'a.

Ni Bakatsine ne, karatun noma ya kawo ni garin Corvallis na jihar Oregon shekarun baya, na gama, zama kuma ya kama ni a nan har yau. Da Hausa na rubuto maka saboda da ita nake jin zafin abu in ya taɓa ni, kuma ina so 'yan uwana na gida da ke cika gidajen kallo duk Asabar su san abin da ake yi wa ƙwallon jami'o'i a Amurka, don wallahi in suka ji ba za su yarda ba.

Ku 'yan uwa bari in ɗan yi muku shimfiɗa. A nan jami'o'i ne ke buga gasar da ta fi shiga ran mutanen ƙananan garuruwa, musamman ƙwallon zari-ruga irin tasu, kuma jami'o'in a rukuni-rukuni suke, akwai Big Ten, akwai SEC, akwai ACC da Big 12, da kuma namu Pac-12. Kowane rukuni shi ke sayar da wasanninsa ga gidajen talabijin ya raba wa mambobinsa kuɗin. Babu faɗuwa ƙasan teburi a kore ka, babu cin gasa a ɗaga ka sama. Kun tuna Kano Pillars ta faɗi a 2022, ta sha wuya ta dawo da ƙafarta? To a nan babu wannan hanyar, shiga da fita duk a ɗakin taro ake yanke su, shugabannin jami'o'i su kaɗa ƙuri'a, shikenan.

Yallaɓai, ranar 26 ga Nuwamban 2022 ina cikin filin Reser, gidan makarantarmu Oregon State. Gefe guda na filin an rushe shi ana sabon gini, sanyi yana ratsa safar hannu, kowa ya sha kaya masu launin ruwan lemu da baƙi irin na makarantar. Jami'ar Oregon, maƙwabciyarmu, na cin mu 31 da 10 a zango na uku. Wani dattijo da ke kusa da ni, tsohon ma'aikacin katako ne, tun yana yaro babansa ke kawo shi, ya zuba min koko mai zafi daga fulas ɗinsa ya ce kar in tashi tukuna. Aka saki ƙarar injin yankan katakon nan da ake sakawa a lasifika in ana so a rikita baƙi, yaran nan suka fara rungumar ƙwallo suna kutsawa da ƙirji, a zangon ƙarshe kaf ba su jefa ta sama ko sau ɗaya ba, kowa a filin ya san gudu za su yi amma aka kasa tare su. Aka tashi 38 da 34. Dattijon nan ya riƙe kafaɗata yana hawaye, mutane na ta zubowa cikin fili. Wata uku ba a yi ba... kai, sati uku kacal bayan nan, suka je Las Vegas suka lallasa Florida ta SEC 30 da 3, suka rufe shekara da nasara 10.

Wata takwas da 'yan kwanaki bayan wannan ranar, ranar Juma'a 4 ga Agustan 2023, rukuninka ya ɗauke Oregon da Washington. A ranar ce kuma Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12, ranar 1 ga Satumba Stanford da Cal suka tafi ACC. USC da UCLA na birnin Los Angeles dama tun Yunin 2022 suka sanar da tafiya wajenku, lokacin Kevin Warren ne ke kan kujerar da kake kai. Makarantu 12 suka koma 2, Oregon State da Washington State. Rukunin da tushensa ya faro tun 1915 a birnin Portland, wanda Oregon State na cikin huɗun da suka kafa shi, wanda ya tara kofunan NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa, sama da 500, ya watse a rana ɗaya kamar kasuwar ƙauye bayan la'asar.

Ba zan ɗora maka laifin duka ba, don ba gaskiya ba ne. Shugabannin Pac-12 sun yi sakaci na shekaru, tashar talabijin ɗin da suka buɗe a 2012 ba ta taɓa shiga gidaje yadda ya kamata ba, kwamishinan rukunin na lokacin George Kliavkoff kuma ya shekara yana neman ciniki daga ƙarshe abin da ya kawo tayin Apple ne da bai gamsar da manyan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na sani. Oregon ma ba zan ce ba ta cancanta ba, duk da abokiyar hamayyarmu ce, shekararta ta farko a wajenku 2024 ta cinye wasanni 13 a jere ta ɗauki kofin Big Ten. Washington ta buga wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2024. Waɗannan sun nuna a fili.

Tambayata ɗaya ce, kuma ita ta hana ni barci har na zauna rubutun nan. Duk lokacin da za a ɗauki makaranta sai mu ji ana cewa wannan tana ƙara daraja, waccan ba ta ƙarawa. Darajar me? Da wane mudu kuke awo?

In abin da ake yi a fili ne, to UCLA rabonta da kofin rukuni a zari-ruga tun 1998. Oregon State ta raba kofin a 2000, shekarar da ta ci wasa 11 ta kuma ragargaji Notre Dame 41 da 9 a Fiesta Bowl, ɗaya daga manyan wasannin rufe kaka. Washington State ta raba shi a 2002, a 2018 kuma ta ci wasa 11. Kenan makarantu biyun da aka bari a titi duk sun ɗaga kofin bayan wadda kuka buɗe wa ƙofa. A besbol Oregon State ta zama zakaran ƙasa sau uku, 2006 da 2007 da 2018, a garin da mutanensa ba su wuce dubu 60 da ɗoriya ba, inda ruwan sama ke hana atisaye rabin shekara. Sannan ka waiwaya cikin gidanka, Rutgers da Maryland da aka shigo da su a 2014, kowa ya san kasuwar talabijin ta New York da birnin Washington DC aka bi, a 2016 Michigan ta ci Rutgers 78 da nema. Ban faɗi haka don in ci mutuncin Rutgers ba, ita ce ta buga wasan jami'o'i na farko a 1869 ita da Princeton, tana da tarihinta. Na faɗa ne don a daina ce mana ƙarfin wasa ake dubawa.

Akwatunan talabijin kuke ƙirgawa. Cinikin da Big Ten ta yi da Fox da CBS da NBC a 2022 ya haura dala biliyan 7 na shekara 7, kai kanka a gidajen talabijin ka yi yawancin aikinka kafin ka zo nan a 2023, ka fi ni sanin yadda lissafin yake. Los Angeles na da miliyoyin gidaje, Corvallis da Pullman, garin Washington State, kuwa gonaki ne da dazuka suka zagaye su, Pullman ma tsakiyar gonakin alkama take. To don Allah ku fito ku faɗi haka ɓaro-ɓaro. Abin da ke ƙona mana rai shi ne a ɗauki lissafin kasuwa a lulluɓe shi da rigar cancanta, yaro ɗan shekara 18 da ya zaɓi makarantar nan ya ji a rediyo wai ba ta da daraja, alhali jiya-jiya ya doke wadda aka ce tana da ita.

Kuma shi mudun naku ma ai yana cin amanar masu shi. Jami'ar SMU ta jihar Texas ta yarda ta shiga ACC ba tare da ta karɓi kason kuɗin talabijin ba har shekara 9, wato an auna ta an ce ba ta kai a biya ta ba, shekarar farko ta kai wasan ƙarshe na rukunin ta kuma shiga gasar ƙasa ta ƙungiyoyi 12. Arizona State 'yan jarida sun sa ta ta ƙarshe a hasashen Big 12 na 2024, ita ta ɗauki kofin. Indiana taku, wadda aka daɗe ana yi wa kallon makarantar ƙwallon kwando kawai, Curt Cignetti ya zo a shekara ɗaya ta ci wasa 11. Florida State kuwa, babba mai suna, ta ci wasa 13 a jere a 2023, shekarar da ta biyo baya wasa 2 kacal ta ci. Ƙarfin ƙungiya abu ne mai hawa da sauka, koci ɗaya da 'yan yara biyar na iya juya shi, amma hukuncin da kuke yankewa a ɗakin taro na dindindin ne.

Ka san me ya biyo baya a nan? Oregon State ta zuba wajen dala miliyan 160 ta gyara filin Reser, aka buɗe sabon gefen a 2023, wato daidai lokacin da aka janye tabarmar. Koci Jonathan Smith, wanda ɗan makarantar ne, shi ya ja ragamar tawagar 2000 ɗin nan yana ɗan wasa, ya tafi Michigan State a Nuwamban 2023. 'Yan matan ƙwallon kwando sun kai zagayen 'yan takwas na ƙasa a Maris ɗin 2024, kafin a shiga bazara yawancinsu sun watse zuwa wasu makarantu. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, kowa na neman inda za a gan shi. Amma ka ga yadda abin ke aiki, a ce maka ba ka da daraja, a yanke maka kuɗi, mutanenka su tafi, ka fara faɗuwa, sai a nuna ka a ce kun gani ai dama mun faɗa. Yanzu da alƙaliya Claudia Wilken ta amince a Yunin 2025 da sulhun ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, an ba kowace makaranta damar biyan 'yan wasanta har dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko, mai kuɗin talabijin zai biya cikin sauƙi, marar shi kuma sai ya rage wani wasan ko ya haƙura.

Mu ma ba mu wanke hannu ba, dole in faɗa. Da kotu ta ba makarantun biyu ragamar Pac-12, sai suka juya suka ɗebo Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State daga rukunin Mountain West. Abin da aka yi mana shi muka yi wa na ƙasa da mu, kuma raina bai so ba. Tsarin ne ya zama haka tun daga sama har ƙasa, shi ya sa nake magana da wanda ke sama.

Akwai kuma yaran da ba a sa su a lissafi ba. 'Yan zari-ruga wasa ɗaya suke yi a sati, a jirgin shata, su je su dawo. Amma ka auna yarinya 'yar ƙwallon raga ko ƙwallon ƙafa daga Seattle, garin jami'ar Washington, za ta New Jersey wajen Rutgers, kusan kilomita 3,900, ya fi nisan Kano zuwa Jidda, ga bambancin awa uku, ta buga a tsakiyar sati, ta dawo ta shiga lakca da ɗakin gwaje-gwaje, iyayenta da a da ke tuƙa mota su je kallonta yanzu sai a waya. Ita ba za ta zama ƙwararriya mai miliyoyi ba, digirin nan shi ne abin da za ta fita da shi. Chip Kelly, lokacin yana kocin UCLA, ya faɗa a bainar jama'a cewa a ware zari-ruga daban a bar sauran wasanni su ci gaba da bugawa da maƙwabtansu. Wannan shawarar nake roƙonka ka ɗauka da gaske, kai da Greg Sankey na SEC in kuka ce a yi za a yi, don tun hukuncin kotun ƙoli na 1984 da ya ƙwace ikon talabijin daga hannun NCAA ƙarfin ya dawo hannun rukunoni, yau kuma hannunku ku biyu.

Sai maganar da ka riƙa turawa ta a ware wa Big Ten gurbi huɗu, SEC huɗu a gasar ƙasa tun kafin a buga ko wasa ɗaya. Yallaɓai ka janye ta. Mutanen Turai sun gwada irin wannan a Afrilun 2021 da Super League, magoya baya a Ingila suka fito titi, kwana biyu abin ya rushe. In makarantunka 18 sun fi kowa ƙarfi za su samu guraben da ƙafarsu, ba sa buƙatar a ajiye musu kujera. Ƙofar nan ita kaɗai ta rage wa irin su Boise State, da ta ci Oklahoma 43 da 42 a ranar farko ta 2007, wasan da har yau ake maimaita shi a talabijin ɗin da kuke cewa ba ta da daraja a cikinsa.

Wasan Oregon da Oregon State tun 1894 ake yin sa, tsakanin garuruwan biyu tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota, gida ɗaya za ka tarar miji na can mata na nan. A ƙarshen Nuwamba aka saba buga shi, bayan tafiyarsu ya koma Satumba. Ka buɗe wa Oregon da Washington gurbi a jadawalinku na satin ƙarshe, su riƙa haɗuwa da maƙwabtansu kowace shekara, wannan a hannunka yake ba sai ka nemi izinin kowa a wajen rukuninka ba. Dattijon nan mai fulas har yanzu yana sabunta tikitinsa na shekara, na gan shi a kujerarsa kwanakin baya, ya tambaye ni ko ina ganin za a dawo da wasan Nuwamba yana raye. Na ce masa zan tambayi wanda ya sani.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani Bakatsine mazaunin Corvallis